Tsutsa a Tumatir Gab da Tsinka

Tambaya: Saura mako biyu in fara tsinkar tumatir, sai ga tsutsa tana huda 'ya'yan. Me zan fesa?

Amsa: Malam, kada ka fesa guba mai ƙarfi yanzu, ragowarta za ta bi tumatirin har tukunya. Nemi maganin Bt, wanda ake yi da wata ƙwayar bakteriya mai kashe tsutsa. Ka fesa da yamma, domin rana tana kashe ƙarfinsa, ka maimaita bayan kwana 5 zuwa 7, ko bayan ruwan sama. Sai tsutsa ta ci shi yake aiki, kuma ƙanana ya fi kamawa. Wadda ta riga ta shige ciki kuwa, ba ya kai mata. Tsinke duk wanda ta huda ka binne, tunda ta ramin nan ruɓa ke shiga.