Tambaya da Amsa: Anti, ni fa fenti kawai na gani

TAMBAYA: Anti salamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce ina zaune a Kubwa. Satin da ya wuce ƙawata ta ja ni wani baje kolin zane-zane a Wuse 2, kowa na tsaye yana gyaɗa kai kamar ana wa'azi, ni kuwa wallahi fenti kawai na gani an watsa a jikin ƙyalle, da na leƙa farashin sai da na yi salati. Kunya ta hana ni tambaya. Wai ana koyon kallon abin nan ne ko sai wanda ya yi karatunsa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ba ni dariya, ai rabin masu gyaɗa kan nan ba su fi ki ganewa ba.

Tsaya ma in tambaye ki, in kin shiga kasuwar Wuse sayen atamfa wa ya koya miki zaɓe? Kina warewa ki ja baya ki ce wannan jan ya yi yawa, wancan zanen ya cika hayaniya, wannan kuma ya kwanta min. To ido kina da shi, gaggawa ce ta cuce ki. Sabon shiga sai ya zagaye zane arba'in cikin minti goma kamar mai neman motar Nyanya da yamma, ina zai ga wani abu?

Ki zaɓi guda ɗaya tak, wanda ya ja ki ko ma wanda ya ba ki haushi, ki tsaya masa minti biyar cur, kar ki karanta 'yar takardar gefe tukuna. Ina idonki ya fara sauka, daga nan ina ya bi, ta ina haske ya shigo? Sai ki matso har ki ga sawun burushi, wani wurin fentin ya yi tudu kamar an lafta da wuƙa, wani wurin kuma shara-shara har kina hango zaren ƙyallen. Ni akwai wani zanen hawan sallah da na taɓa tsayawa gabansa, daga kusa babu doki babu mutum sai dabbare-dabbaren ja da ruwan ƙasa, ina yin taku biyar baya sai ga mahaya sun sako jahi, ƙura ta tashi, rawani na kaɗawa, kuma ashe ƙafafun dawakan ma bai zana ba, idona ne ya cike masa. Na fi rabin awa a wurin har mai gadi ya fara kallona.

In kin saba kuma za ki fara gane hannu kamar yadda kike gane ɗinkin telanki. Marigayi Yusuf Grillo da shuɗi aka san shi, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka ce ba za su riƙa kwaikwayon Turawa kaɗai ba alhali ga zanen gida.

Farashi kuwa kar ya tsorata ki, sunan mai zanen da tarihin zanen ake saye a ciki. Zanen nan mai suna Tutu na Ben Enwonwu, shahararren mai zane ɗan Najeriya, an sayar da shi a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2, amma ba wanda ya ce dole sai ya burge ki. Kina da damar cewa bai miki ba, sai dai ki iya faɗin dalili.

Ki gwada gidan zanen Nike da ke hanyar filin jirgin Abuja, ranar da ba cunkoso, ki sa takalmi mara tsini don tsayuwa ce. In mai zanen na wurin ki tambaye shi kai tsaye, suna son a tambaye su. Amma don Allah ban da taɓawa, na san halinmu da shafa kaya kafin a taya.