Tambaya da Amsa: Tagulla mai hoton rana

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Muna gyaran adakar marigayi kakanmu, wanda ya taɓa zama a Faransa, sai muka ga wata tagulla kamar kuɗi amma ta fi liyari faɗi. Gefe guda wani mutum ne mai dogon gashi, an rubuta LUDOVICUS. A bayanta rana ce mai fuskar mutum a saman duniya. Maƙeri a kasuwar Dole ya ce ba azurfa ba ce. Kuɗin wace ƙasa ne?
Daga wata mai karatu, unguwar Birni, Zinder.

AMSA: Allah ya jiƙan kaka. Ƙanwata, ba kuɗi ba ne, shi ya sa ba ki ga an rubuta ƙimarsa ba. Lambar tunawa ce, kuma mai dogon gashin Luwi na 14 ne (LUDOVICUS sunan Luwi ne da harshen Latin), wanda ya sarauci Faransa daga 1643 zuwa 1715. Rana ya ɗauka tambarinsa: ita kaɗai ce a sama, kowa da haskenta yake gani, ba ta fashin fitowa. Saƙon ke nan ga talakawa, da manyan ƙasar da suka yi wa sarauta tawaye yana yaro.

Ke da kika tashi a Birni kin san maroƙan fada ba sa faɗin ranar da sarki ya sha kashi. To, waɗannan lambobi kirari ne aka zuba a ƙarfe, don maroƙi yana mutuwa, tagulla kuwa tana nan. Ba a bar aikin ga maƙera su yi yadda suka ga dama ba. A 1663 wazirinsa Kolber ya tara wasu malamai kaɗan, su ke zaɓen hoto da kalmomin Latin na kowace lamba, sannan a sassaƙa hatimin ƙarfe a matse tagullar a inji. A 1702 aka buga littafin da ya tattara lambobi 286 na zamanin sarkin. Ana ba jakadu su kyauta, ana kuma binne wasu a harsashin manyan gine-gine.

Abin da ke sosa min rai shi ne irin abubuwan da aka yi wa ado. A 1684 jiragen ruwan Faransa suka yi wa birnin Jenowa, da ke Italiya a yau, ruwan wuta. A lamba sai aka zana Jupita, babban gunkin Rumawa, yana jefa tsawa kan masu girman kai. A 1685 sarkin ya soke dokar da ta ba Kiristoci 'yan Furotesta damar yin addininsu, kimanin mutum 200,000 suka bar ƙasa, aka buga lambar murna. Birnin Haidelbag na Jamus da aka ƙone a 1693 shi ma ya samu tasa. Ki duba su da kyau, ba za ki ga tsohuwar da ta bar gidanta da ƙunshi a ka ba. Wannan rashi yana da nauyi a wurina fiye da kyan zanen, ko da yake zanen ya kai a tsaya a kalla.

Abokan gaba ma ba su yi shiru ba. Da Ingila da Holan suka ci Faransa a yaƙin teku na 1692, aka ƙone babban jirgin sarkin da aka sa wa sunan rana, sai suka buga nasu lambobin da jirgin yana ci da wuta.

Game da taki: kada ki goge ta da toka ko lemun tsami, duhun nan da ta yi yana cikin darajarta. Ki juya ta ki duba bakin gefenta. Gidan buga kuɗi na Paris ya ci gaba da sake buga tsofaffin lambobi, kuma tun 1880 yana sa ɗan tambari mai kamar ƙaho tare da sunan ƙarfen. In kin ga wannan, bugun baya ce, ba ta zamanin sarkin ba. In gefen sumul yake, ki ɗauki hoton fuskokin biyu da na gefen ki aiko mana.