Ba ita ke janye ƙarar ba

Kawu, Allah ya ƙara girma. Tambayar da ka yi min a waya ta tsaya min a rai: wai da gaske ne a Ingila mace kan sa a ɗaure mijinta kan mari ɗaya, mu kuma dattawa mun zuba ido?

Mace ba ta ɗaure kowa a nan. Da zarar an buga 999, lambar kiran gaggawa, ko ita ce ko maƙwabciyar da ta jiyo ihu ta bango, magana ta bar hannunta. 'Yan sanda za su zo da kyamara a ƙirji, su ɗauki kumburin fuska da fasasshiyar ƙofa, sannan ofishin masu gabatar da ƙara na gwamnati ya yanke ko za a je kotu. Ko washegari ta je da kuka ta ce ta yafe, suna iya ci gaba da muryarta da aka naɗa lokacin kiran.

Na taɓa raka wani namu kotun majistare, direban tasi, cikin kwat ɗin aro da hannunta ya yi masa gajere. Ya buɗe baki ya ce ai tsakaninsa da iyalinsa ne. Alƙaliya ta dube shi ta saman tabarau, ba ta ce komai ba. Bai san cewa tun 2018 ƙa'idar yanke hukunci ta ce faruwar laifin a cikin gida ƙara masa nauyi take yi ba, domin cin amana ne. Bai shiga kurkuku ba, tunda karon farko ne kuma ya amsa laifi da wuri. An ba shi aikin al'umma ba biya, aka hana shi kusantar gidan, hukuma kuma ta karɓe lasisin tasin.

Ba duka kaɗai ba ne ma. Tun 2015, ƙwace mata waya, riƙe mata kuɗi, raba ta da 'yan uwa, idan ya zama ɗabi'a, yana iya kai mutum ɗaurin shekara 5. Wanda ba ɗan ƙasa ba, idan aka yanke masa wata 12, batun kora ya taso. Ita kuwa wadda aka kawo da bizar aure tana iya neman zama na dindindin da kanta, don haka barazanar “zan mayar da ke gida” ta daina ci.

Batun dattawa kuwa, Kawu, da kunya nake faɗa: a shekarunmu na farko ina cikin masu zuwa falon mace bayan isha'i mu ce ki yi haƙuri, ki rufa asiri, ki janye. Yanzu mun san matsa wa mai shaida laifi ne mai zaman kansa. Amma ba tsoron doka kaɗai ya canza mu ba. 'Yata ce ta tambaye ni wata rana, me ya sa kullum wadda aka daka ake kai wa haƙuri? Na rasa ta cewa. Sulhu bai mutu ba, da wuri muke yin sa yanzu, kuma mijin ake fara zaunarwa. Masu gunaguni suna nan, a bakin masallaci bayan Juma'a za ka ji ana cewa ƙasar mata ce.

Direban nan yanzu kaya yake sauke wa a wani sito. Ranar Asabar yake ganin 'ya'yansa, awa biyu, a ɗakin da ma'aikaciya mai sa ido ke zaune a gefe.