Baƙin mai a garin ƙanƙara: kilomita za a ƙirga ko watanni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata biyu a Winnipeg, ƙasar Kanada. Toyota Corolla nake hawa, kuma tsakanin gidana da wurin aiki kilomita 5 ne kacal. Rabona da juyen baƙin mai wata bakwai ke nan, amma ko kilomita 3,000 ban ci ba. Bakanike ya ce lokacin juye ya yi. Na kuma ga wani abu fari-fari kamar kindirmo a ƙarƙashin murfin mai. Kuɗina yake so ya ci, ko injin ne ya samu matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bakaniken nan gaskiya ya faɗa maka, ka yi juyen a makon nan.

Mun saba da cewa tafiya mai nisa ce ke cinye mai. A garin sanyi gajeriyar tafiya ce ta fi yi masa illa. Duk litar fetur ɗaya da inji ya ƙona tana haifar da ruwa kusan lita ɗaya a matsayin tururi. Yawancinsa ta salansa yake fita, shi ne farin hayaƙin da kake gani da safe. Amma wani kaso yana sulalewa ya gangara inda baƙin mai yake, tare da ɗan fetur ɗin da bai ƙone ba, domin inji mai sanyi ya fi shan fetur. Idan man ya ɗauki zafi sosai, ruwan da fetur ɗin sai su ƙafe. To kai kilomita 5 kake yi ka kashe mota. A watan Janairun Winnipeg man bai ma fara ɗumi ba. Yau kaɗan, gobe kaɗan, fetur ya tsinka man, ruwa ya dama shi. Kindirmon da ka gani ke nan.

Shi ya sa littafin Toyota ya ware irin tuƙinka: yawan tafiyar da ba ta kai kilomita 8 ba, a sanyin da ya yi ƙasa da sifiri. Mai irin wannan tuƙi juyensa kilomita 8,000 ne ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. A wajenka watanni ne za su riƙa riga. A canza filtar mai duk lokacin da aka yi juye.

Sai batun irin man, kuma nan ne nake jin tsoro ga 'yan'uwanmu sababbin zuwa. A gida an saba da 20W-50, har ana cewa mai kauri shi ne mai kyau. Ka tuna yadda manja ke daskarewa a kwalba da hunturu. Lambar da ke zuwa kafin harafin W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi: ana gwada 20W a digiri 15 ƙasa da sifiri, 5W a 30, 0W kuwa a 35. Sanyin Winnipeg na kaiwa digiri 30 ƙasa da sifiri. Mai kauri a irin wannan safiya zai ɗauki lokaci kafin ya hau saman inji, ƙarfe na gugar ƙarfe. Ka duba murfin, lambar da ta dace tana rubuce a kai. Corolla ta shekarun nan galibi 0W-20 ce ko 0W-16.

Wayar da ke leƙowa a gaban motocin garinku ta dumama inji ce. Ka jona ta awa 2 zuwa 4 kafin fita. Barin mota a kunne minti ashirin a tsaye ba ya dumama mai yadda ake zato. Minti ɗaya ya isa, in gilashi ya washe ka ja a hankali. Kada ka taɓa barin ta a kunne cikin rufaffen gareji, hayaƙin yana kisa. Sau ɗaya a mako ka hau babban titi ka yi rabin awa.

Abu ɗaya nake so ka duba kafin juyen. Zaro gejin mai. In man da ke jikinsa ya koma kalar shayi da madara, ruwan lagireto kuma yana raguwa, to wannan ya wuce aikin sanyi, a duba gasket ɗin kan inji kafin ka sake tuƙa ta.