Kafin ka yanke girman kwalbati, hau tsaunin

Kana tambayata me ya sa nake hawa tsauni in duba itatuwa kafin in yanke girman kwalbati, alhali ga rafin a gabanmu. Yaro, rafin da kake gani da rani ba shi ne zai zo maka da damina ba.

Inda daji yake, ganye kan tare kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan sama, ya bushe a can bai taɓa ƙasa ba. Wanda ya sauko ya tarar da ruɓaɓɓen ganye da ramukan saiwa, ƙasa ta shanye, ta riƙa sako shi kaɗan-kaɗan. In an sare, ƙasa ta taurare, ruwa ya gangaro lokaci guda.

Na taɓa yi wa wani mai gona kwalbati a gindin tsauni. Na hau da ƙafata, na ga daji baƙi ƙirin, na tambaye shi ko za a taɓa shi. Ya rantse mini ba mai sa masa gatari. A kan maganarsa na auna aikina. Ashe tun kafin in zuba kankare ya sayar wa masu katako. Suka shigo da manyan motoci, suka yanka hanya daga sama har ƙasa, hanyar nan ta koma magudana. Damina ta farko kututture da laka suka toshe bakin kwalbatin, ruwa ya haura, ya kwashe cikon gefe, ya kwantar da bango. Mutumin nan ya hana ni ragowar kuɗina, ya kuma riƙa yaɗa wai na ci siminti. Ni! Aikin da na tsaya a kansa da kaina. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Haɗin kankare da ɗaurin rodi ba zan ɓata bakina a kansu ba. Amma kada ka ɗauka daji maganin komai ne. In aka kwana biyu ana sheƙawa, ƙasa ta ƙoshi, ambaliya za ta zo ko da ba a sare reshe ba, don haka ka bar wa ruwa sarari.

Ku yaran yanzu kun fi son ku duba taswira a waya kuna zaune a inuwa. Gobe da asuba ka hau, ka nemo mini inda ambaliyar bara ta bar shara a jikin itatuwa, ka duba ko akwai sabon sara. Abin da mai aiki ya faɗa game da dajin kuma, a rubuta shi gaban shaidu.