Tambaya da Amsa: Littattafan neman arziki, karatu ne ko ɓata lokaci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 27, na gama bautar ƙasa shekara 2 da suka wuce, da aikin albashi ya ƙi samuwa sai na kafa ɗan teburi a kasuwar waya ina sayar da caja da batir da rigar waya. A cikin wannan lokaci na karanta littattafan sirrin nasara da tara dukiya har guda 11, kuma duk wanda na gama nakan ji kamar gobe zan zama attajiri, amma bayan mako guda sai in ga ina nan inda nake. Yayana, wanda ya yi shekara 20 yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, yana yi mini dariya, yana cewa bai taɓa ganin wanda littafi ya azurta ba sai wanda ya rubuta shi. Yanzu ina shawarar cin bashin banki in sayi gida in zuba 'yan haya kamar yadda Robert Kiyosaki ya koyar, sannan akwai wata bita ta kwana 2 da za a yi a kan naira 50,000. Don Allah, Malam, wa ke da gaskiya tsakanina da yayana? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Yayanka ya faɗi rabin gaskiya, kuma rabin da ya faɗa shi ne mai ɗaci, don haka bari mu fara da ɗaya rabin da ya bari.

Wannan nau'in rubutu ya daɗe. A shekarar 1859 wani ɗan Sikotilan mai suna Samuel Smiles ya fitar da littafin da ya kira Self-Help, wato taimakon kai da kai, inda ya tattara labaran maƙera da masaƙa da injiniyoyin da suka tashi daga talauci ta hanyar naci da tattali. Daga baya Amurkawa suka karɓe kasuwar. George Clason ya fitar da littafinsa na attajirin Babila a 1926, wanda asalinsa 'yan ƙasidu ne da bankuna da kamfanonin inshora ke raba wa jama'a, kuma kusan dukan darasinsa jumla ɗaya ce, ka ware ɗaya bisa goma na duk abin da ya shigo hannunka kafin ka taɓa sauran. Dale Carnegie, a 1936, ya koyar da riƙe sunan mutum da sauraronsa da guje wa musu. Ko Kiyosaki da ka ambata, a littafinsa na 1997, ya kawo wani bambanci mai amfani tsakanin kadarar da ke kawo maka kuɗi da wadda ke cin kuɗinka, kuma matashin da ya fahimci wannan zai yi tunani sau biyu kafin ya kwashe ribar wata 6 ya sayi wayar yayi. Wanda bai tashi a gidan 'yan kasuwa ba, wanda makaranta ta koya masa lissafin takarda amma ba ta taɓa nuna masa yadda ake raba uwar kuɗi da riba ba, yana iya fara jin waɗannan abubuwa ne daga littafi, kuma ba abin rainawa ba ne. Sai dai ka lura cewa abin amfanin ba ya cika shafi 20, an dai yi ta maimaita shi ne da labarai har ya kai shafi 300 domin a sami abin sa wa farashi. Shi ya sa littafi na 11 bai ƙara maka komai a kan na 2 ba.

Ni ma na bi ta nan. Ina ɗalibi na sayi Think and Grow Rich na Napoleon Hill a hannun wani yaro mai talla a cunkoson motoci, kwafin satar fasaha ne, tawadar ta dusashe, wani babin ma sau biyu aka buga shi. Littafin ya umarci mai karatu ya rubuta adadin kuɗin da yake so da ranar da zai same su, ya riƙa karantawa da ƙarfi da safe da kuma kafin barci. Na rubuta, na liƙa a jikin madubi, na yi ta karantawa har takardar ta yi jaja-jaja don ƙura. Wata rana mahaifiyata ta shigo ɗakin ta tsaya tana kallonta, sannan ta tambaye ni ko wane malami ne ya ba ni wannan laƙani, kuma ko ya ce a wanke a sha. Ranar da na rubuta ta zo ta wuce mai shayi yana bina bashi.

Shi wannan Hill, wanda littafinsa ya fito a 1937, ya gina sunansa ne a kan da'awar cewa hamshaƙin attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya gana da shi a 1908 ya ɗora masa aikin binciko sirrin masu arziki. Masu binciken tarihin Carnegie sun duba takardunsa ba su ga shaidar wannan ganawa ba, kuma Hill bai fara baza labarin ba sai bayan rasuwar attajirin a 1919, lokacin da babu mai ƙaryata shi. Kiyosaki kuma, wani kamfaninsa mai suna Rich Global ya shelanta karyewa a 2012 bayan kotu ta umarce shi ya biya wani kamfanin shirya bita kusan dala miliyan 24. Shi kansa bai talauce ba, a yi masa adalci, amma abin da duniya ta fi saninsa da shi sayar da littafi ne da bita da wasan dara na koyon kuɗi, wanda shi ne ainihin maganar yayanka.

Babban aibin da na fi so ka gane shi ne, waɗannan littattafai labarin waɗanda suka tsira kawai suke bayarwa. Marubuci zai ɗauki mutum 10 da suka yi arziki, ya ga dukansu suna tashi da asuba, suna da ƙarfin hali, sun taɓa yin kasada, sai ya ce ga sirrin nan. Ba zai je ya nemo dubban da suka tashi da asuba, suka yi kasadar, suka karye, suka koma gida shiru ba, domin wanda ya karye ba a gayyatarsa ya yi lacca. Ko littattafan da suka yi ikirarin bincike mai zurfi sun faɗa wannan rami. Jim Collins, a littafinsa Good to Great na 2001, ya zaɓi kamfanoni 11 a matsayin abin koyi, amma a 2008 ɗaya daga cikinsu, Circuit City, ya durƙushe, wani kuma, Fannie Mae, sai da gwamnatin Amurka ta karɓe ragamarsa don kada ya nutse. Idan ka ji an ba da labarin Aliko Ɗangote a wajen bita, za a ce maka ya fara da ɗan rance a 1977, kuma gaskiya ne ya yi aiki tuƙuru, sai dai sau da yawa akan tsallake cewa rancen daga cikin danginsa ya fito, kuma shi tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne, mutumin da ake lissafawa a matsayin mafi arziki a Afirka ta Yamma kafin rasuwarsa a 1955. Wanda ya tashi a irin wannan gida ya gaji sanin kasuwa da mutane da amincin da ake ba da kaya saboda shi, abubuwan da ba a tsinta a babi na 4 na kowane littafi.

Yanzu ga batun bashi, kuma a nan ne nake roƙonka ka dakata. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma Kiyosaki kukan Amurka yake yi, ƙasar da banki ke ba mutum bashin gida na shekara 30 a kan kuɗin ruwan da ba ya canzawa, wanda a shekarar da littafin ya fito yake tsakanin kashi 7 da 8 cikin 100, a farkon 2021 ma ya sauko ƙasa da kashi 3. A Nijeriya kuwa, Babban Bankin ƙasa ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma a samansa suke ɗorawa, ga shi ba su cika ba da bashi mai dogon zango ga mai ƙaramin teburi ba. Ɗauki biro ka buga: in ka ci bashin naira miliyan 20 a kan kashi 30, kuɗin ruwa kaɗai naira miliyan 6 ne a shekara, ba a taɓa uwar kuɗin ba. Sai ka je wurin dillalin gidaje na unguwarku ka tambaye shi nawa ake biyan hayar gidan miliyan 20 a shekara, ka cire kuɗin gyaran rufi da yasar masai da watannin da ɗan haya zai yi yana ba ka haƙuri. Wannan duk kafin a zo ga hukuncin riba a addini, wanda littafin bai san da zamansa ba, kai kuwa ka sani.

Hatta shawarar Clason ta ajiye ɗaya bisa goma tana bukatar gyara a nan. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100 bisa alƙaluman hukuma, ma'ana naira 100,000 da ka ɓoye a asusu tsawon shekarar ta koma tana sayen abin da kimanin naira 74,000 ke saya a da. Ɗabi'ar warewar tana nan da kyanta, amma mai teburi irinka ya fi dacewa ya mayar da abin da ya ware cikin kaya masu tafiya, ko ya shiga adashe da mutanen da ya sani ido da ido domin kwasarsa ta zama ƙarin jari.

Bitar naira 50,000 kuwa, ka tambayi mai shirya ta wace sana'a yake yi ban da shirya bita, kuma ina shagonsa yake. In an fara yi maka maganar ninka kuɗi cikin kwana 30, ka tuna cewa da irin wannan harshe na 'yancin kuɗi aka ja mutane cikin MMM, wani tsarin damfara mai alƙawarin riba mai yawa cikin sauri, wanda ya daskarar da asusun jama'a a Disambar 2016. Ka zuba kuɗin a kayan teburinka, ka sayi littafin rubutu mai shafi 80, ka riƙa shigar da duk abin da ka saro da abin da ka sayar da abin da ka ci da wanda ka ba bashi, kullum, har wata 3. Sannan ka roƙi yayanka ya bar ka ka riƙa zama a shagonsa ranar Asabar, ka ga yadda yake gane wanda za a ba kaya bashi da wanda za a ba haƙuri, da yadda yake sallamar yaransa bayan sun yi shekaru a hannunsa. Ka kai masa babin Kiyosaki na kadara da abin da ke cin kuɗi ka karanta masa, ina zaton zai ce maka ai wannan shi ne abin da ubangidansa ya faɗa masa tun yana ɗaukar dila.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Wata ƙawata ta ba ni littafin da ke cewa duk abin da mutum ya ƙudurta a ransa, ya yi ta hango shi, to duniya za ta jawo masa shi, talauci da ciwo ma wai mugun tunanin mutum ne ke jawo su. Na ji daɗin karanta shi amma zuciyata ba ta kwanta ba. Daga wata malamar firamare a Zariya.

AMSA: Malama, barka kadai, kuma zuciyarki ta yi daidai da ta ƙi kwanciya. Wannan koyarwa ta yi tashe ne da littafin The Secret na Rhonda Byrne a 2006, amma tsohuwar aƙida ce da ta taso a Amurka tun ƙarni na 19. Hukuncinta a addini na bar wa malamai, ko da yake kowane ɗalibin Islamiyya ya san wa ake roƙo kuma wa ke bayarwa, ya kuma san hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da aka ce wa ya ɗaure raƙumarsa sannan ya yi tawakkali. Ta fuskar bincike ma maganar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Gabriele Oettingen, masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar New York, ta shafe shekaru tana gwaji a kan ɗalibai da masu neman aiki, ta gano cewa waɗanda suka fi nutsewa cikin mafarkin nasara sukan fi yin sanyin jiki wajen nema, domin zuciya ta riga ta ɗanɗani daɗin abin tun bai zo ba. Abin da ta ga yana aiki shi ne mutum ya hango burinsa, nan take kuma ya hango abin da zai tare masa hanya, ya tsara yadda zai yi da shi. Wani gwaji da Joanne Wood ta jagoranta a Jami'ar Waterloo ta Kanada, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa masu raina kansu da aka sa su maimaita kalaman yabon kai sun ƙara jin ƙunci ne maimakon sauƙi.

Abin da ya fi damuna da littafin shi ne rashin tausayinsa. Ke da kike tsaye a gaban aji kullum kin san yaron da yake zuwa bai karya ba, kin san iyalin da 'yan bindiga suka raba da gonarsu suka dawo gari suna raɓe a gidan dangi. Littafin da zai ce wa waɗannan tunaninsu ne ya jawo musu, ya ɗora wa wanda aka zalunta laifin abin da aka yi masa ke nan. Ki mayar wa ƙawarki da littafinta cikin mutunci, in ta tambaye ki yadda kika same shi, ki tambaye ta ko za ta iya karanta wa mahaifiyar wancan yaron babin da ya yi magana a kan talauci.