Amsoshinku: wace jami'a ce ta dace da mai son zama likita?

Wani ɗan lise daga Mirya: Malam, na karanta a intanet cewa sai an yi digiri na farko kafin a shiga likitanci. Wane fanni zan fara?

Ɗana, tsarin Amurka ka karanto. Can ne ake yin shekara 4 a jami'a, a zauna jarrabawar shiga likitanci da ake kira MCAT, sannan a ƙara 4 a makarantar likitanci. Mu nan Nijar da bak ake shiga kai tsaye, seri D ko C, wato ɓangaren kimiyya. Ajiye wayar nan ka kama lissafi da fizik.

Wata uwa daga Birni: Ƴata ta ci bak D, ta nace sai Yamai. Ni kuma barci ya ƙaurace min.

Hajiya, kwantar da hankalinki, Allah ya yi mata albarka. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ita ce uwa, babu musu. Amma André Salifou ta nan Damagaram tana da sashen kimiyyar lafiya, haka ma Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ga babban asibitin ƙasa a cikin garinmu Damagaram inda ɗalibi zai ga marar lafiya da idonsa. Yamai kusan kilomita 900 ce. Ki lissafa hayar ɗaki, abinci, kabu-kabu, kuɗin mota duk hutu, na shekara bakwai ko fiye, kuma kada ki ɗora lissafin a kan burs, wato tallafin karatu. In aljihu zai ɗauka, akwai kuma dangin da za su sa mata ido, ki bar ta. In ba haka ba, tuwon gida bai taɓa hana kowa zama likita ba.

Wani ɗan kasuwa daga Kasuwar Dole: Yarona bak A gare shi, na ɓangaren adabi. Wani ya ce in ba shi miliyan 2 ya samo masa gurbin likitanci a waje. In sayar da fili?

Alhaji, kada ka kuskura! Kai da ba ka sayen atamfa sai ka murza bakinta ka ga ko za ta zuba, yanzu za ka sayi makaranta a hoton WhatsApp? Bara na ga wani uba da ya sayar da bijimai huɗu. Yaro ya isa can, ya tarar da bene hawa biyu a kan shaguna: ba asibiti, ba ɗakin gwaji, kwarangwal ɗaya na roba a kusurwa. Duk makarantar da ta ce za ta karɓi bak A a likitanci ba tare da wata tambaya ba, kuɗinka take so. Tambayi dillalin: a wane asibiti ɗalibai suke koyon aiki? CAMES, hukumar Afirka da ke tantance takardun jami'o'i, ta amince da takardar? Hukumar likitocin ƙasar can ta san da makarantar? Sa'an nan ka taka da ƙafarka zuwa ma'aikatar ilimi mai zurfi ka ji ko za a karɓi takardar in yaro ya dawo. Da zarar dillalin ya fara "gurbi zai ƙare gobe", ka tashi ka karkaɗe rigarka. Ko Najeriya da ke nan kusa, su ABU Zariya da Bayero ta Kano, da jarrabawa ake shiga, ba da dillali ba. In aikin lafiya yaron yake so da gaske, ku leƙa ENSP, makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta nan Damagaram, ku ji sharuɗɗanta.

Wani daga Magarya: Wace jami'a ce likitocinta suka fi kuɗi?

In kuɗi kake nema, je ka kama sarin albasa.